Girkin Habasha daga tushe: injera, berbere, doro wat da abincin ƙabilun kan tsauni

Ƙasar Habasha tudu ce a kan tudu. Adis Ababa tana sama da mita 2,300 daga doron teku, ƙololuwar Ras Dashen a arewa ta haura mita 4,500, kwarin Danakil na ƙasar Afar kuwa ya nutse ƙasa da doron teku da fiye da mita 100. Tun fil azal mutanen ƙasar sun raba ta gida uku bisa tsayi. Akwai dega, can sama inda sanyi ke ratsa ƙashi, ƙasar sha'ir da alkama da tumaki. Akwai woina dega, tsaka-tsaki daga wajen mita 1,500 zuwa 2,400, inda ake noman hatsin tef da gahawa, kuma nan ne jama'a suka fi yawa. Sai kolla, gangare mai zafi, ƙasar dawa da raƙuma da awaki. Wanda ya riƙe wannan rabo a ka ya samu bakin zaren girkin ƙasar, domin tsayin da mutum yake zaune shi ke yanke abin da zai shiga tukunyarsa.

Ƙabilun ƙasar sun haura 80. A ƙidayar 2007 Oromo ne kan gaba da kusan kashi 34 cikin ɗari, Amhara na biye da kusan 27, Somali da Tigray kowanne wajen 6, sannan Sidama, Gurage, Wolayta, Hadiya, Afar da sauransu. Abin da duniya ta sani da sunan abincin Habasha, wato injera, gurasa mai tsami da ramuka kamar sinasir, da jar miya a babban faranti, asalinsa girkin tsaunukan arewa da tsakiya ne, na Amhara da Tigray da Oromon Shewa. Da shi za mu fara don shi ya fi buƙatar koyo, amma kada mai karatu ya ɗauka nan aka tsaya.

Aikin kwana huɗu zuwa bakwai ne idan daga babu za a fara: kwana biyu zuwa uku na tayar da ruwan tsami, kwana ɗaya zuwa uku na ƙulli, ranar ƙarshe suya da miya. Yaji da man shanu ana haɗa su a kwanakin jira.

Ruwan tsami da ƙullin injera

Tef ƙwaya ce ƙanana ƙwarai, ba ta wuce milimita ɗaya ba, shi ya sa ba a surfa ta, da dusarta ake niƙewa. Akwai fara, wadda ta fi tsada, akwai ja mai ɗanɗanon ƙasa-ƙasa, akwai gauraye. Ba ta da danƙon da ke cikin alkama, don haka laushin injera da ramukanta daga tsami da talge suke fitowa. A 2006 gwamnatin Habasha ta hana fitar da ƙwayar tef waje don kada ta yi wa talaka tsada, kuma har yau garinta ba ya arha a kasuwannin ƙetare. Wanda bai samu ba kada ya fasa. A Harar da sauran yankunan da tef ba ta wadata ba, da dawa ake yin injera, kamar yadda ake kisra a Sudan. Ga mai girki a ƙasar Hausa, haɗin da ya fi ba da sakamako shi ne giram 700 na garin farar dawa da aka surfa sosai, giram 200 na fulawa, giram 100 na garin shinkafa, da ƙaramin cokali ɗaya na garin hulba. A tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu. Injerar dawa tana saurin bushewa da tsagewa, fulawa da hulba su ke riƙe mata laushi.

Ruwan tsamin, wanda suke kira ersho, shi ne ruwan rawaya da ke tasowa saman ƙullin da ya kwana. A gidajen Habasha ba ya yankewa, na wannan makon ke tayar da na mako mai zuwa. Mai farawa sai ya dama giram 100 na gari da mililita 250 na ruwa a kwalba ko roba mai tsabta, ya rufe da ƙyalle, ya ajiye a inuwa. Idan ruwan famfo ne mai warin magani a bar shi ya kwana a buɗe kafin a yi amfani da shi, don maganin yana kashe ƙwayoyin da ke kawo tsamin. Bayan kwana biyu ko uku za a ga ƙananan kumfa, a ji ƙamshin tsami mai daɗi, ruwa ya rabu ya hau sama. Ruwan nan da ɗan ƙullin ƙasa ake so.

Ga kilo ɗaya na gari, a zuba mililita 160 na ersho da lita ɗaya na ruwa, a cuɗa da hannu minti goma cur har ya yi sumul babu gudaji. Mutane da yawa suna tsallake cuɗawar nan su dama da ludayi kawai, sai injera ta fito da gari-gari a baki. A shafe gefen robar tas, domin ƙullin da ya manne a gefe shi ke fara yin fumfuna. Sannan a kwarara wani lita ɗaya na ruwa a hankali ta gefe, ya kwanta a saman kwaɓin ba tare da an juya ba. Ruwan nan shi ne katangar da ke tsakanin ƙulli da iska. A rufe, amma ba ruf ba.

A nan ne tsauni ke shigowa cikin lissafi. A Adis Ababa da rana ba a cika wuce digiri 25 ba, da dare kuma sanyi ne sosai, shi ya sa littattafan girkinsu ke cewa kwana uku. Wanda ya bi wannan a Sakkwato ko Maraɗi cikin bazara zai tarar da ƙulli ya yi tsamin da ba ya ciwuwa. A lokacin zafi awa 24 zuwa 36 sun isa, kuma a ajiye robar a wuri mafi sanyi a gida, kusa da randa. Da damina kwana biyu. Da hunturu ne kawai za a kai kwana uku. Alamar ta fi agogo gaskiya: da farko kwaɓin zai kumbura ya tsattsage, kumfa ta yi ta tashi, daga baya ya lafa ya kwanta, ruwan sama ya koma rawaya garau. Da ya lafa an kai.

A tsiyaye ruwan saman a hankali, a ɗebi kofi ɗaya a sa a firji don girki na gaba, a zubar da saura. Idan an ga farin yauƙi siriri a saman ruwan ba komai, a kwashe. Idan kuwa fumfuna ce baƙa, kore ko ja, ko wari ya koma na ruɓa, a zubar da duka a wanke robar da ruwan zafi.

Saura talge, wanda su ke kira absit, kuma shi ne matakin da ke raba injerar gaske da fanke mai tsami. A ɗebi kofi ɗaya na ƙullin, kimanin kashi ɗaya cikin goma, a dama shi da kofi ɗaya na ruwan sanyi, a juye cikin kofi biyu na tafasasshen ruwa ana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Minti biyar zai yi kauri yana sheƙi. A sauke a bar shi ya huce har yatsa ya iya zama a ciki ba tare da ƙuna ba, sannan a juye cikin babban ƙullin a gauraya. Dafaffen garin yana ba ƙwayoyin tsami abinci mai sauƙi, su farfaɗo su cika ƙullin da iska, kuma yana ba shi danƙon da zai riƙe iskar. Idan aka zuba shi da zafi ya kashe su, ƙulli ba zai tashi ba. A ƙara ruwa mililita 300 zuwa 500 har ƙullin ya riƙa zuba daga ludayi kamar zare mai kauri, ya fi na masa ruwa nesa ba kusa ba. A rufe awa ɗaya zuwa biyu. Zai taso da kumfa, da ya fara komawa ƙasa sai a ɗora kasko.

Suya

Kaskonsu na yumɓu, mitad, faɗinsa ya kai santimita 60, a birane kuma na lantarki ya yawaita. Kasko mai faɗin santimita 28 zuwa 30 wanda ba ya kama abinci zai yi, in dai yana da murfi. Wadda ta iya sinasir ta riga ta san rabin aikin: gefe ɗaya ake soyawa, tururi ke dafa sama, ba a juyawa.

A ɗora kasko a wuta matsakaiciya mai ɗan ƙarfi har ɗigon ruwa ya riƙa rawa a kai kafin ya ƙone. A goge da ƙyalle mai ɗigon mai, gogewa kawai, kada mai ya kwanta. A zuba ƙulli mililita 150 zuwa 180 daga kofi mai baki, a fara daga gefen kasko ana zagayawa zuwa tsakiya, hannu bai tsaya ba. Kada a rufe nan take. A tsaya a ga idanu suna buɗewa, ƙananan ramuka suna fashewa daga gefe zuwa ciki, cikin daƙiƙa 30 zuwa 45 za su rufe kashi uku cikin huɗu na fuskar. Sai a rufe minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan an buɗe, fuskar ta daina sheƙin ɗanye, gefe ya ɗago da kansa. A zura faifai a ƙarƙashi a zare ta, a shimfiɗa a kan tsabtataccen ƙyalle ita kaɗai. A goge tururin da ya taru a cikin murfi kafin ta gaba, domin ɗigo ɗaya yana barin tabo mai danƙo. Kilo ɗaya na gari yana ba da kamar 18 zuwa 20 a irin wannan kasko. Sai sun huce sarai ake jera su a kan juna, in ba haka ba su manne su zama curi. A lulluɓe, suna kwana uku.

Injerar da ta fito fuska sumul babu ido, ɗaya daga cikin uku ne: ƙulli bai tashi bayan talge ba, kasko bai yi zafi ba, ko an yi gaggawar rufewa. Idan idanun manya ne ƙalilan kuma ta yi kauri, ƙullin na son ruwa. Idan tana yagewa wajen ɗagawa, ruwa ya yi yawa ko talge ya yi kaɗan, sai a dama cokali uku na gari a ƙara a jira minti 20. Ƙasa ya ƙone sama ɗanye, wuta ta yi yawa. Tsami ya wuce kima, a tsiyaye ruwan saman, a zuba sabo, a bari ya kwanta awa biyu a sake tsiyayewa kafin a yi talge. Yis da bakar hoda suna kawo ramuka, amma ba sa kawo ɗanɗanon, kuma injerar da aka yi da su washegari ta bushe.

Berbere da man shanu mai ƙamshi

Berbere shi ne jan yajin da ke ba miyar Habasha launi da kauri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke shi garin barkono zalla. Barkonon da suke amfani da shi, irin na yankin Mareko da ya yi suna, dogo ne, ja wur, zafinsa matsakaici, shi ya sa ake zuba shi cokali biyar ko shida a tukunya ɗaya. Da barkononmu ƙanana aka yi haka ba mai iya kai loma biyu. Don haka a ɗauki giram 250 na busasshen tattasai, a cire hanci da yawancin 'ya'yan, a haɗa da giram 30 na barkono. A daka su sama-sama tare da ɗanyar tafarnuwa kai biyu, ɗanyar citta giram 60, jar albasa ɗaya da ganyen ɗaɗɗoya cikin tafin hannu. A rufe ya kwana ƙamshin ya shiga juna, a shanya a rana kwana biyu har ya bushe ƙayau.

Sannan a gasa kayan ƙamshi a busasshen kasko a wuta kaɗan, kowanne daban domin ba lokaci ɗaya suke nuna ba: kusbara babban cokali biyu, habbatus sauda ɗaya, hulba ɗaya, masoro ɗaya, kanumfari ƙaramin cokali ɗaya, kirfa sanda ɗaya. Hulba ita ce mai haɗari, da ta wuce launin zuma ta koma ɗaci, ta ɓata yajin gaba ɗaya. Akwai kuma korerima, 'yar uwar citta mai 'ya'ya ce amma ba ta kai ta zafi ba. Idan babu, babban cokali ɗaya na citta mai 'ya'ya zai tsaya a madadin biyu nata. A haɗa duka da gishiri babban cokali biyu, a niƙa, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi nesa da rana. Yana wata shida da ƙarfinsa.

Niter kibbeh man shanu ne da aka soya da kayan ƙamshi. A narka giram 500 na man shanu a wuta kaɗan, a zuba yankakkiyar albasa rabi, tafarnuwa ƙwaya huɗu, citta gwargwadon babban yatsa, kurkur rabin ƙaramin cokali, hulba rabi, habbatus sauda rabi, korerima ɗaya, da busasshen ɗaɗɗoya. Su suna ƙara wani ganye mai suna koseret, wanda ya samu ya sa. A bar shi minti 40 yana ɗan motsi, ba tafasa ba. Idan kumfa ta lafa, man ya yi garau, gurbin ƙasa ya yi ruwan zuma, a sauke a tace da ƙyalle. Gurbin ya yi baƙi, man ya ɗauki ƙauri, kuma ba gyara.

Doro wat

Wannan ita ce jar miyar kaza ta sallah da biki. Kiristocin Orthodox suna buɗe baki da ita a daren Fasika, wato Ista, bayan azumin kwana 55, Musulmi kuma suna yin ta a Idi da ranar karɓar babban baƙo. A al'ada gida 12 ake yanka kazar, kuma a da iya wannan yanka yana cikin abin da ake duba wa budurwa kafin aure.

Kayan: kaza mai kilo ɗaya da rabi, jar albasa kilo ɗaya da rabi, niter kibbeh giram 150, berbere babban cokali biyar zuwa shida, tafarnuwa ƙwaya takwas, citta babban cokali ɗaya, ƙwai shida zuwa takwas, lemun tsami uku, gishiri. Nauyin albasa daidai da na kaza ba kuskure ba ne. Babu tumatir a doro wat ta asali, albasar ce jikin miyar.

A feɗe fatar kazar, a yanka, a wanke, a jiƙa a ruwan lemun tsami da gishiri minti 30, a ɗauraye, a tsattsaga naman da wuƙa don yaji ya ratsa. A yanka albasa ƙanana ƙwarai. Idan da injin markaɗe za a yi, kada a bari ta zama ruwa, a tsaya tana da ɗan jiki. A zuba ta a busasshiyar tukunya mai kaurin gindi, babu mai babu ruwa, a wuta matsakaiciya. Za ta fitar da ruwanta, ruwan ya ƙone, ta fara kama gindi. Duk lokacin da ta kama a yayyafa cokali biyu na ruwan zafi a kankare. Haka za a yi ta yi minti 45 zuwa awa ɗaya, har tulin albasar ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, launinta ya yi ruwan ƙasa, ta narke ba a gane yanka. Wanda ya zuba mai tun farko soya ta zai yi, ba za ta narke ba, miyar ta fito mai a sama albasa a ƙasa.

Yanzu a zuba rabin man da berbere, a rage wuta, a yi ta juyawa minti 20 zuwa 30 ana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan. Launin zai tashi daga ja mai haske ya koma ja mai duhu, kuma warin ɗanyen barkono mai shaƙe maƙogwaro ya ɓace. Rashin haƙuri a wannan mataki shi ke kawo miya mai ɗaci da ƙwannafi. A sa tafarnuwa da citta minti biyar, a zuba kaza, manyan gaɓoɓi tukuna, a juya su sha yajin, a ƙara ruwan zafi kofi biyu. Wasu gidaje suna zuba tej, giyar zuma, a nan. Ba dole ba ce, Musulmin ƙasar da ruwa suke yi, kuma wanda ya shiga gidan abinci yana da kyau ya tambaya. Kazar gidan gona tana nuna cikin minti 40, kazar Hausa tana neman awa ɗaya da rabi da ƙarin ruwa, amma ita ta fi dacewa da wannan miya. A dafa ƙwai a ɓare, a tsaga kowanne sau uku ko huɗu ba zurfi, a jefa minti goma kafin saukewa tare da sauran man da ɗan garin korerima, masoro da kanumfari. Miyar da ta yi daidai tana zama a kan injera ba ta gudu.

Abincin ranakun azumi

Mabiya cocin Orthodox, kusan kashi 43 cikin ɗari a ƙidayar 2007, ba sa cin nama, ƙwai, madara ko man shanu a ranakun Laraba da Juma'a da kuma lokutan dogon azumi. Wannan ya haifar da girkin wake da ganye mai yawan gaske, wanda da man gyaɗa ko wani man tsiro ake yin sa. Musulmi kuwa, kusan kashi 34, tarihinsu a ƙasar ya faro tun hijirar sahabbai zuwa wurin Najjashi. Ɓangarorin biyu ba sa cin alade, amma kowa da mahautansa, ana gane shagon da alamar gicciye ko jinjirin wata. Baƙon da bai tabbatar da yanka ba, farantin azumi, yetsom beyaynetu, ya fisshe shi.

Misir wat, miyar adas, wani irin ƙaramin wake, ita ce mafi sauƙi. A dafa albasa uku a bushe minti 15, a zuba mai mililita 80 da berbere cokali uku minti goma, tafarnuwa, sannan jan adas giram 300 da aka wanke har ruwan ya yi fari, da ruwan zafi mililita 900. Minti 25 a wuta kaɗan, gishiri a ƙarshe. Shiro kuwa garin gasasshen wake ne da aka niƙa da kayan yaji, abincin yau da gobe na talaka da mai kuɗi. Bayan an soya albasa ɗaya a zuba ruwa mililita 700, ya tafasa, a barbaɗa gari giram 100 ana kaɗawa, a bar shi minti 20 har mai ya taso. In aka juye garin gaba ɗaya gudaji zai yi. A gefe ana sa dafaffen ganye, gomen, da ayib, wanda ake samu idan aka ɗora nonon da aka cire wa mai a wuta kaɗan har ya tsinke, a tace. Ayib shi ke kwantar da zafin berbere.

Inda injera ba ita ke mulki ba

A tsaunukan kudu, wajen Gurage, Sidama, Wolayta, Hadiya da Dorze, abincin kusan mutum miliyan 20 yana fitowa daga enset, tsiro mai kama da ayaba wanda ba a cin 'ya'yansa. Mata ke kankare ɓargon ganyen, su daka gindin, su binne a rami da aka shimfiɗe da ganye, ya yi watanni yana tsami. Abin da ya fito shi ne kocho, ana yanka zaren cikinsa da wuƙa, a lailaye, a naɗe a ganye a gasa. Tsiron yana jure fari, kuma abin da ke rami yana shekara bai lalace ba. Da kocho Gurage ke cin kitfo, jan naman sa marar kitse da aka yanka ƙanana aka cuɗa da niter kibbeh da yaji mai zafi, mitmita, musamman a Meskel, bikin gicciye na Kiristoci a watan Satumba. Ɗanye ake cin sa a al'ada, kuma tsila na tare da wannan al'ada. Shawararmu a dafa shi: giram 500 na nama, man cokali huɗu, yaji ƙaramin cokali biyu, a juya a kasko har ja ya ɓace.

A sama can inda sha'ir ke yi, karin kumallo genfo ne, Oromo suna ce masa marqaa. A tafasa ruwa kofi uku da gishiri, a zuba garin gasasshen sha'ir kofi biyu, a tuƙa minti 15 har ya yi tauri yana barin gefen tukunya. A juye a kwano da aka shafa wa mai, a jujjuya ya dunƙule, a yi rami a tsakiya da cokali, a cika da narkakken man shanu da berbere, a zagaye da kindirmo. Shi ake yi wa mai jego da masu zuwa barka. Oromo suna da chechebsa, gurasa marar yis da ake yayyagawa a juya cikin mai da yaji, da buna qalaa, 'ya'yan gahawa da ake soyawa a man shanu wajen addu'a da sa albarka. A gabashin Tigray akwai tihlo, ƙananan curin sha'ir da ake soka da tsinke mai baki biyu a tsoma a miya.

Konso, waɗanda gonakinsu hawa-hawa na dutse suka shiga jerin kayan tarihi na UNESCO a 2011, suna shuka wani nau'in zogale mai manyan ganye. Suna tafasa ganyen, su mulmula garin dawa ko masara ƙanana su jefa a ciki su dahu tare, su zuba mai. Sunansa kurkufa, kuma duk kayansa suna gidan Bahaushe. A gangaren Somali da Afar kuwa nonon raƙumi da na akuya, nama, shinkafa da taliya su ne abinci.

Kai abinci da gahawa

A shimfiɗa injera ɗaya a babban faranti, a zuba miya tsibi-tsibi a kai, doro wat a tsakiya, a naɗe sauran injerar a jera a gefe. Ana zagayawa da buta da kwano a wanke hannu kafin a fara, da dama ake ci, kowa daga gabansa. A yagi injera, fuskar mai idanu a ƙasa don ta kama miya. Idan mai gida ya naɗo loma ya nufo bakin baƙo, gursha ke nan, girmamawa ce, ba a ƙi.

Gahawa ke rufe zama, kuma a gaban baƙi ake yin ta. A wanke ɗanyun 'ya'ya rabin kofi, a gasa a kasko ana motsawa minti 10 zuwa 12 har su yi duhu suna sheƙin mai, a zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, a daka a turmi. A zuba babban cokali shida a jebena, tulun yumɓu mai dogon wuya, da ruwa mililita 750. Da ya taso wuya a sauke, a jingine tulun minti biyar gari ya kwanta. A tsiyaya daga sama cikin ƙananan kofuna ba tare da an katse ba, don girgiza tulu tana tayar da gurbi. Ana kunna lubban, a kawo gugguru ko soyayyen sha'ir. Sau uku ake sha daga gari ɗaya, ana ƙara ruwa ana mayarwa wuta: abol, tona, baraka. A birni da sukari ake sha, a ƙauyuka da dama da gishiri, a wajen Gurage har da ɗan man shanu.